Sunan da ke Wuyan Riga

A ƙasan adakar kakana
akwai wata rigar kaki da ta koɗe,
an ɗinka suna a wuyanta da jan zare,
haruffa shida, ba mai karanta su a gidanmu.
Mu dai mun ji ana cewa Woka,
Baturen auduga na Barakat,
mai jan kunne, mai lofe a baki,
wanda kaka ya yi wa wanki shekara sha ɗaya.

Ina aji uku wani malami ya ce mini:
ai sunan nan nufinsa mai tafiya a ƙafa.
Na yi dariya har na sha bulala.
Mutumin da safe doki, yamma mota,
ko bakin magudana sai an kai shi,
shi ne aka raɗa wa tafiya?

In sunan na neman mai shi, ga Jatau.
Ya bar Haɗeja da gora da sanda,
ya ratsa Barno, ya yi damina biyu a Abashe,
can ya binne ƙanensa a gindin aduwa.
Junaina, Fashir, Ubayyid,
shekara bakwai ƙafa na cin ƙasa.
Fason dugadugansa sai ya ɓoye girshi.
Makka ya nufa. Guzuri ya ƙare a Jazira,
ya ce bari in yi wanki tukunya.

Na riƙe wannan haushi har furfura.
Sai bara 'yata Batula ta dawo daga Madani
da wani ƙamus mai kaurin tubali.
Ta ce, Baba, malaminku ya yi tuntuɓe.
Ba matafiyi ba ne asalin sunan.
Can a ƙasarsu mai sanyi, tun zamanin da,
in masaƙa sun gama da ulu
sai a zuba shi a kwami da ruwa da yumɓu,
har da fitsarin da ya kwana,
wani talaka ya naɗe wando ya shiga,
ya yi ta tattakawa daga hantsi zuwa duhu
don saƙar ta yi kauri, ta hana iska.
Shi ake kira da sunan nan.
Yana tafiya, Baba, amma ba ya barin wurin,
yini guda bai kai ko ƙofar gida ba
balle ya ga hanya.

Na yi shiru. Shayina ya huce.

Domin na tuna rabin ganga a bayan bariki,
da bargunan Bature jiƙe da sabulu,
kaka a ciki, wando a gwiwa,
hannu ɗaya dafe da bango,
yana taka su, dama, hagu, dama,
yana ƙirga garuruwan da suka rage masa:
Sannar, Kasala, Sawakin, sai teku.
Kumfa na hawa ƙaurinsa,
shi kuwa ko taki ɗaya bai ƙara ba.

Ashe kakan Woka da kakana
sana'a ɗaya ta ci musu tafin ƙafa.
Ɗaya ya bar wa jikoki suna,
suka sa shi a jirgi, suka ɗinka a riga.
Ɗayan, da magatakarda ya tambaye shi,
bai jira amsa ba ya rubuta Fallati,
kamar yadda ya rubuta wa mutum ɗari jiya.

Ko Baturen ya sani? Ban ce ba.
Wataƙila ya taɓa leƙowa ta taga
ya ga tsoho na rawa a ganga
ya koma kan lissafin buhunansa.

Ran Juma'a na fito da rigar.
Batula ta ce za ta yage. Na ce ta yage.
Na zuba ruwa a daro, na tuɓe takalmi.
Taku uku kafaɗa ta rabe,
jan zaren ya saki, yana yawo a kumfa.
Ban tsaya ba.
Ta tsaya a kaina da ƙamus a hammata
tana tambaya, to mu Jatau fa, me yake nufi?
Na ce jan mutum ne, haka aka haife shi.
Ƙaro mini ruwa daga rijiya.